Wuya Uku

A Kasuwar Dole na saye ta,
jita ta hannu, tsirkiya ɗaya a tsinke,
kuɗin facin taya na wata huɗu.
In dare ya yi sai in hau dutsen bayan gidanmu
in duƙa kamar mai neman allura a yashi,
ita kwance a cinyata tana kallon taurari,
ni ina leƙen yatsuna.

Sati shida haka.
A na bakwai na kasa ɗaga butar shayi a fada.
Zogi ya taso daga gindin babban yatsa
yana bin jijiya a hankali,
kamar cinnaka ɗauke da garwashi,
har gwiwar hannu.
Mutari ya ƙyalƙyace:
“Kiɗan da ba mu ji ba tukuna
har ya kayar da makaɗi?”

Baba Kyari maɗori yana can cikin Birni,
inda lungu ke haifar lungu.
Ya latsa, ya juya, ya saurara da yatsa.
“Ba karaya, ba targaɗe.
Je ka ɗauko mini abin da ya cije ka.”

Na ɗauko.
Ya ce shi ko gurmi bai taɓa riƙewa ba.
“Kaɗa.”
Na kaɗa.
Bai kula da sautin ba, hannun hagu ya tsura wa ido.

“Yaro, wuya uku na gani.
Ga wuyan itacen nan da ka shaƙe
sai ka ce ɓarawon akuya ka kama.
Ga wuyan hannunka da ka tanƙware kamar lauje.
Ta ukun, wuyar da kake sha tsakaninsu.”

Ya tashe ni zaune, ya buga mini baya,
ya ɗaga kan jitar har ya doshi kafaɗata.
Ya shafa daga gwiwar hannu zuwa bayan yatsu,
ya miƙar da hanyar.
“Tiyo in ya lanƙwashe, ruwa ba ya wucewa.
Mu da muka san tsadar ruwa a garin nan
ba ma take tiyo.”

Babban yatsana da ke leƙe ta sama
ya maida shi baya, tsakiyar itace,
daura da yatsan tsakiya.
“Wannan ɗan rakiya ne, ba ɗan kokawa ba.”

Ya aiki jikarsa Barira ta kawo lemun tsami,
ya sa mini a tafi, ya ce in riƙe kar ya faɗi, kar ya fashe.
Ya zare shi.
“Ramin da ya bari, bar shi nan.”

Sauran ni na gano, a dutsena,
bayan kwana goma da ya hana ni taɓa ta:
in kan yatsa ya sauka dab da ƙarfen giciye
tsirkiya ba ta neman ƙarfi.
In danna kaɗan, ta yi zuza.
In ƙara kaɗan, ta washe.
Daga nan duk abin da na ƙara
bashi ne, jijiya za ta biya.

Yanzu daga shayin farko zuwa na biyu nake kaɗawa,
in ajiye, in saki hannu ya yi lilo,
in sauke kafaɗar da ke son hawa kunne.
Mutari ya daina dariya,
ko da yake har yau bai yaba ba.

Baba Kyari ya ƙi karɓar ko dala.
Kekensa ya turo, tayar baya ta sace.
Ina cikin ɓamɓare ta da ƙarfe
na dubi hannuna,
ga laujen ya dawo.
Na tsaya, na gyara zama,
na miƙe shi,
sannan na ci gaba.