Talatin da Biyar

Ƙarfe huɗu da rabi, duhu ya rufe Norwich.
Ni kaɗai na rage a ɗakin gilashi,
daga ni sai fitilu masu ruwan hoda
da tire tamanin na wani ɗan tsiro
wanda ko akuya ba za ta duƙa dominsa ba.

Mako guda ke nan ina ba su ruwan gishiri, da gangan.
Dattijo Howlett mai gyaran famfo
ya ce muguntata ta fi ta sanyin Nuwamba.

Layin hagu na tsaye, kore shar.
Na dama ya koɗe, ya langaɓe,
su ne na cire wa abu guda tak:
furotin ɗaya a cikin dubbai.

Na san kamanninsa a fuskar kwamfuta.
Ƙwaya talatin da biyar, sai ya lanƙwasa,
wasu talatin da biyar, ya sake lanƙwasawa,
bai gaji ba, bai canza magana ba,
har ya zama hannu mai yatsu da yawa
ya dafe siririn saƙon da ganye ke jira,
kowane yatsa da harafinsa,
kada ya tsinke a hanya.
In saƙo ya isa, ganye ya dafa hasken rana,
saiwa ta haɗiye gishirinta ta yi gaba.

Gwaggo Barira ba ta san sunansa ba,
amma haka take ɗinkin faifai:
soka, zagayo, ja,
soka, zagayo, ja.
Ina ƙarama na ce mata, ba ki gundura?
Ta ce, ɗinki ɗaya ba ya riƙe tsaba.

Yanzu duk Lahadi sai ta kira.
Kin ci abinci? Kina rufe ƙirjinki?
Yaushe za ki gama?
Tambaya uku, shekara huɗu,
har na haddace inda take jan numfashi.
A da haushi nake ji.

Na auna saiwar ƙarshe: milimita tara.
Na rubuta. Na kashe fitilar layin dama,
na dawo na kunna, ban san dalili ba.

Motar ƙarfe biyar ta wuce ni.
A rumfar jira, yayyafi na shigowa ta gefe,
na ciro waya da yatsu masu ƙanshin ƙasa.
Yau Laraba ce.
Za ta ce lafiya?
Zan ce na ci, Gwaggo. Sake tambayata.