Jan Layi

Wata bakwai gizagona na rataye a zaure,
har gizo-gizo ya ɗinka masa riga.
Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Ina cin tuwo, ina salla.
Sai dai abin da ke tashe ni kafin zakara
ya bi jirgin da ya nutse da Sanda a Kwara,
jirgin da ni na sassaƙa.

Ƙanwata ta ɗauko ni daga Yawuri a motar kifi
zuwa Birnin Kebbi, wani ɗaki mai sanyin randa.
Dakta Ramlatu ta shafa mini mai a ka,
ta kafa mini hula mai wayoyi kamar saiwar ceɗiya,
ta juyo da allon gilashi.
"Ka ga jan layin nan? Kai ne.
Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke cewa tashi.
In ya motsa, layin zai hau. Hau da shi."

Na ce, da me?
Ta ce, "Da abin da ka samu."

Na tuna kuɗi. Layi ya kwanta kamar kada a rairayi.
Na tuna bashin Gado, buhu huɗu na gero,
sai ma ya ƙara yin ƙasa.
Na yi wa kaina kirari irin na 'yan kokawa,
ko gezau.
Kunya ta kama ni: mutum da furfurarsa,
an leƙa kansa, an tarar fadama ta ƙafe.

A zama na huɗu na gaji da ƙoƙari,
hankalina ya sulale ya tafi bakin ruwa.
Ƙamshin maɗaci sabon sara.
Ɓawo na nannaɗewa, yana faɗowa kan yatsun ƙafa.
Babana na dukan cikin gungume da dunƙule,
ya kara kunne, yana jin ko kauri ya yi daidai.
Kum. Kum.

Layi ya ɗaga kai.
Na yi ihu, ya faɗi.
Dakta ta yi dariya har biro ya suɓuce mata.
"Koma. Yanzu ka san hanya."

Na koma, na ɓata, na sake komawa,
kamar yaron da aka ba gora ran farko,
jirgi na juya masa, yana shan ruwa, yana koyo.
Ranar ƙarshe ta kashe allon.
"A Yawuri babu wannan. Yi da ka."

Ba zan ce na warke ba.
Sanda bai dawo ba.
Akwai safiyar da nake jin layin kwance a ƙirjina,
in yi ta kum, kum, ya ƙi.

Amma jiya na sauko da gizago,
na zauna kan dutsen washi, tsatsa na bin ruwa.
Ya yanke ni a babban yatsa.
Wani jan layi siriri ya fito.
Na dube shi, na tsotse,
na ci gaba da washi.