Bututun da Ba A Kwancewa

Shekara talatin da ɗaya ina kwance bututu,
daga Jekadafari har Herwagana.
Na san ruwan Dadin Kowa a harshena,
na san farin ɓawon da ruwa ke bari a ƙarfe,
kaɗan-kaɗan, kamar bashin mai shago,
har ranar da famfo zai yi tari, ya yi shiru.

Ni Jalo, mai sifana a aljihu,
ban taɓa sa kunne a nawa ba.

A hawan Tashar Dukku abin ya same ni.
Wani ya aza min buhun siminti a ƙirji,
na waiga, ba kowa.

Dakta Rifkatu ta juyo min da allon,
ta ɗora bakin biro kan wani zare mai lanƙwasa.
"Baba, nan faɗin kara ya kamata ya yi,
ga shi ya koma tsinken tsintsiya."
Na ce, "'Yata, ai wannan sana'ata ce,
miƙo waya in zura."
Ta yi dariya. "Wannan ba a kwance shi a tsakar gida."

Kitse ne ya yi sheƙa a bangon jijiya.
Tsiren Bolari na ciki, ban musa ba,
da man shanun da Dudu ke malala wa tuwo,
da wani kaso da na gada wurin ubana,
wanda ya faɗi a kunyar gyaɗa bai ce uffan ba,
muka ce iska ce.

Ƙwayar farko, wadda ake fara ba kowa,
aikinta rage wutar girki a hanta.
Wasu sun sha sun zauna lafiya.
Ni a cinya ta sauka,
in kwana kamar na yini haƙar rijiya,
ruku'u ya zama doguwar tafiya.
Aka rage, aka sauya, cinya ta ƙi.

"Gida ba ya rasa ƙofar baya," in ji ta.
Ta ba ni wata 'yar fara, ƙwayar masara ta fi ta,
mai zama a bakin hanji kamar maigadi
tana ce wa maiƙo: wuce, ba masauki.
Sai allura, sau biyu a wata,
wadda ta cinye tumakina biyu kafin damina.
Ita ba ta son zafi, mu kuwa ba wuta,
don haka tana kwana a firjin Talatu mai zoɓo,
tsakanin kunun aya da ƙanƙara,
an rubuta "na Baba Jalo, kar a taɓa."

Na tambaya, "Zai wanke tas?"
Ba ta yi min daɗin baki ba.
"Lambar jini za ta sauka, wannan muna gani.
Ɓawon kuwa, in ya ja baya, kaɗan ne.
Abin nema shi ne ya daina ƙaruwa,
ya yi tauri, kada ya fashe ya rufe hanya."

Nan na gane ta sarai.
Tsohon bututu ba a yi masa gadara.
Sau nawa na ga yaro ya buga guduma,
ɓawo ya ɓalle, ya je ya toshe gaba?

Yanzu Hammadu ke shiga rami, ni ina nuni.
Jiya ya yanko wani a Pantami,
ya ɗaga shi ga rana, haske da ƙyar ya ratsa.
Ya ce, "Oga, a jefar?"
Na karɓa, na busa, iska ta fita ta can.

Ga shi nan a kan taga, kusa da magani.
Da dare, in unguwa ta yi tsit,
nakan ɗora tafi a ƙirji
yadda nake ɗora kunne a ƙarfe.
Ruwa na wucewa.
Ba da yawa ba, amma yana wucewa.