Sa Hannu

Ni ne mai buga takardu a gindin dalbejiya,
gab da ofishin shige da fice.
Ran Talata Astajam ta zo,
ɗa a goye, makulli a wuya,
makullin gidan da ya riga ya zama toka
can bayan duwatsun Mandara.

Ta ce: rubuta musu,
kogi biyu na ƙetare,
na uku ya riƙe mijina.

Na buga. Harafi ɗaya ya maƙale,
na ɗaga shi da farce.

Na san akwai yarjejeniya.
Masu kwat sun zauna a ƙasar sanyi,
ƙasarmu ma ta sa hannu:
wanda ya tsere wa gobara
ba a mai da shi bakin wuta.
A ba shi inuwa, a ba shi shaida,
ɗansa ya hau benci ɗaya da namu.
Ba sadaka ba ce. Bashi ne.

Amma a ciki an ce mai hatimi ya yi tafiya,
a dawo jibi.
Jibin nan ya haifi jikoki.

Yanzu tana suyar awara a Unguwar Mu'azu,
in ta hango kaki sai ta kife kasko.
Jiya ta tambaye ni:
hannun nan da ƙasa ta sa,
na dama ne ko na hagu?

Na ninke takardar, na mayar mata da kuɗinta.
Kogin Kaduna na wucewa ƙarƙashin gada,
ba mai tambayarsa daga ina.