Babu Akwatin Tukunya

Na hau tsaunukan Palpa da takarda mai shafi tara,
tambaya sittin da biyu, kowace da akwatinta.
An aiko ni in auno
ko shirin kasuwar citta ya taɓa talaka.

A bakin titi Khem Bahadur ya tarbe ni da shayi.
Bara waccan a jiƙe yake sayarwa, da ƙasa a jikinta.
Yau ga rumfar busarwa, ga babur ja,
dillalin Butwal da kansa ke kiransa a waya.
Na cike shafinsa, alƙalami na rawa.

Sai hawa. Awa biyu gwiwa na kuka.

Na tarar da Kaushila tsugune tana kankare citta.
Na ce, kuɗin shigarki ya ƙaru?
Ta ce, farashi ya hau, ba zan ɓoye ba,
amma sikeli ya yi ido yanzu.
Manya yake so, masu sheƙi.
Tawa kamar yatsun jariri take,
iyakar abin da gangaren nan ke iya haifa ke nan.

Na ce, i ko a'a, Inna?

Ta ce, da ni ke saukar da buhun Khem a gadon bayana,
igiya a goshi, rupi ɗari biyu kowace sauka.
Da shi nake sayen gishiri da littafin jikata.
Mota ta zo. Ban ƙi mota ba,
wuyana ya huta.
Sai dai tukunya ma ta huta.

Na juya shafi, na sake juyawa.
Akwai ya ƙaru, akwai ya ragu, akwai yana nan yadda yake.
Babu akwatin wuya.
Babu akwatin tukunya.
Na rubuta a gefe da ƙananan baƙi,
inda na san na'ura ba ta karantawa.

A Kathmandu aka zuba su duka a ƙwarya ɗaya,
aka dama, aka raba daidai:
kashi talatin da ɗaya cikin ɗari.
A allon bango kowa ya sami rabin babur.
Aka yi tafi. Ni ma na yi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
mu daga jirgi muka leƙa rufin.

Da zan sauko ta cusa mini citta ɗaya a aljihu,
irin wadda sikeli ya ƙi.
Na manta da ita a bakin taga.
Yau da safe na ga ta tsiro.