Awo

Ranar da na kawo takardar shiga Legon,
Baba bai ɗaga ƙafa daga kan kekensa ba.
Ya ce, "Likita?" Na ce a'a.
"Lauya?" Na ce a'a.
Ya ciji zare ya tofar:
"To mene ne, Lariba?"
Na ce, kimiyyar zaman jama'a.
Ya ce, "Zaman ma sai an koya?
Ga Malam Issaka can, shekara talatin a kan benci ɗaya,
ba wanda ya ba shi digiri."

Shekara huɗu ina hawa torotoro,
Nima zuwa tudu, tudu zuwa Nima,
jaka a cinya, ƙamshin koko a mayafi.
Can aka raɗa wa talaucinmu suna mai tsawo,
aka zana shi a allo da layi mai gangara.
Na tsinci unguwarmu a shafi na casa'in da biyu,
ƙarƙashin hoton babbar kwata.
Na rufe da tafin hannu kada Akosua ta gani,
ashe tasu unguwar na shafin gaba.

Muka gama, muka jefa huluna sama,
kowa ya bi inda tasa ta faɗi.
Ta Akosua ta faɗa banki, ita ke tace masu neman aiki.
Mawuli ya sa kaki, yana Aflao yana buga hatimi.
Fuseini na gidan rediyo, muryarsa ke raka direbobi da asuba.
Naa Dede na kotun yara, jakarta ba ta rabo da alewa.
Kwabena kuwa, da ya fi mu duka maki,
yana Makola da tiren murfin waya.
Tsaya ka taya, zai ba ka dalilin tsadar rayuwa a gyara.

Ni, bayan bautar ƙasa
da wata goma sha ɗaya na kallon waya,
wata ƙungiya ta ba ni riga mai tambari
da tambaya arba'in da bakwai,
ta ce in bi lungu-lungu.
Lungun da suka zaɓa namu ne.

Mutum nawa ke kwana a ɗakin nan?
Hajiya Memuna ta dube ni sama da ƙasa:
"Ni na yanke miki cibi, yau ni kike tambaya?"
Takwas. Na sani. Na rubuta takwas.
Ina kuke ɗebo ruwa? Sidi nawa jarka?
In an yi ruwan sama, ina yake kaiwa a ɗaki?
Ta ɗan ja zane, ta nuna gwiwa.
Babu gurbin gwiwa a takardar,
sai na rubuta a gefe.

Da magariba na iso shagon Baba,
gida na sittin da uku a jerina.
Ya amsa duka yana guga,
sannan ya zare tef daga wuya ya naɗe a yatsa.
"Ni in na auna mutum,
ran Juma'a yana zuwa ya karɓi riga.
Ke tun safe kike auna Nima.
Yaushe za a zo karɓa?"

Na yi shiru. Har yau amsar ba ta cika ba.
Rahoto ya tafi ofis, ofis ya kira taro,
taro ya ci shinkafa ya watse.
Sai bara, gab da damina,
aka zo aka yashe kwatar bayan gidan Hajiya,
aka kafa famfo.
Ɗaya tak. Mu shida muka rubuta.

Baba ya rufe shago ya je ya gani.
Ya murɗa, ya tara hannu,
ya daɗe yana wanke hannun da ba shi da dauɗa.
Ya ce, "Rigar ta yi gajere."
Na ce, na sani.
Ya ce, "Gobe kawo min takardun nan naki.
Mai yiwuwa a awo kika kuskure,
mai yiwuwa kuma mai yanka ne ya ci yadin."