Alade Ko Ɓaure

Ajin dare a Gangare, an ɗauke wuta.
Malama Kachollom ta kunna kyandir ɗaya,
ta rubuta harufa uku a allo: pig.
Ta ce, Sabitu, karanta mana.

Na gyara murya, na ce fig.
Aji ya kwashe da dariya, har Ladi mai masa,
wadda ba ta fi ni iyawa ba.

Malama ta ce, ɓaure ka kira,
ni kuwa alade na rubuta.
Haɗe leɓɓanka gam, kamar mai riƙon asiri,
ka sake su lokaci guda.
Ta kawo kyandir kusa da bakina:
in harshen wutar ya zabura, ka samu,
in ya kwanta kawai, kana nan gindin ɓaurenka.

Na gwada. Wuta ta kwanta luf.
Shekara hamsin da biyu bakina na bin hanyar fa,
yau da dare ɗaya za a sauya masa tasha?

Ashe kalmar gidan haya ce, ɗaki-ɗaki.
Ga dabbar da ke tonon juji da hanci.
Ga mutumin da ke share tire shi kaɗai,
bai ce wa na kusa bisimilla ba.
Ga wanda ɗakinsa sai an toshe hanci.
Na ce, Malama, biyun nan maƙwabtana ne.
Ta ce a garin masu harshen
har ɗan sanda ake zagi da ita, kada ku gwada.

Sai ta ce da saura:
in an narka ƙarfe, an zuba a mazubi ya daskare,
curin nan ma haka ake kiransa.

Nan na yi shiru.
Babana a gidan narka kuza ya ƙare ƙarfinsa.
Yakan dawo kafaɗa a kumbure,
ya ce wa inna, yau fig arba'in na saɓa.
Shi ke kiran sallar layinmu.
Ya koma ga Allah bai san
sunan me ya ɗauka shekara ashirin ba.
Harshensa ya mayar masa da shi ɓaure,
ya ciyar da mu tara da shi, halal tsantsa.
Dama an ce ba a tona cikin ɓaure.
Ni na tona.

A hanyar gida sanyi na fitar da tururi daga bakina.
Ina tafe ina haɗe leɓe ina sakewa,
har daidai shingen gadar Dilimi,
inda a karo na farko ta fito daidai, tas,
kamar an buɗe kwalba.

Mai tocila ya haske fuskata:
Baba, me ka ce?

Na ce ɓaure, yallaɓai.
Ɓaure nake sha'awa.